Tanki Na Bakwai

Hitra, 9 ga Maris, 1993

Yaya Oddrun,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da majinyatanki. Ya sanyin Trondheim? Kada ki ce don me ban bugo waya ba. Kin san inda wayar gidan nan take, daidai ƙofar kicin ɗin surukata, inda ko tari mutum ya yi sai an tambaye shi na mene ne.

Yaya, na yi ɓarna, kuma yau kwana biyar ban gaya wa kowa ba.

Tun Janairu nake teburin rigakafi a gidan ƙyanƙyasar kifi. Mu shida ne, duk mata. Ana kwaso 'ya'yan kifin salmon daga tanki, a tsoma su a ruwan sa barci, su gangaro kan tebur suna ƙyalli kamar cokula. Ki ɗauki ɗaya, ki juya shi rigingine, ki soka masa allura a ciki, ki tura shi bututu, ki ɗauki na gaba. Maganin fari ne kamar madara. Yana cikin kwalba a rataye bisa kanki, yana saukowa ta siririn tiyo zuwa bindigar allura. Kwalba ɗaya, kifi dubu biyu da ɗari biyar. Idan za a tafi cin abincin rana, kowa takan matse tiyonta da ɗan maƙali irin na shanya, don kada magani ya ɗiga. In an dawo a cire.

Ran Alhamis na sayi sabon littafi a kantin tasha. Labarin 'yar mai gadin fitilar teku ne, wadda ta shekara bakwai tana jiran wani likitan jirgi. Na zauna bayan buhunan abincin kifi da burodina ina karantawa, har jirginsa ya ɓullo a hazo, sai na ji Inna Borghild, shugabar teburinmu, tana ƙwala mini kira.

"Ke amarya! Kifin nan ba za su yi wa kansu allura ba!"

Turid, wadda ke tsayawa kusa da ni, ta ce, "Ƙyale ta, Borghild. Ke ma ai kin taɓa amarci, zamanin yaƙi."

"Ni nawa angon ko ranar ɗaurin aure ƙarnin kifi yake. Ban ga abin mafarki ba."

Na zo a guje, na zura safar hannu, na kama aiki. Hannuna na kan kifi, ni kuwa ina can kan dutse ina ƙarasa labarin yadda nake so. Na ji bindigar ta yi mini daban, amma na ce ai hannuna ne ya fara sabawa. Har daɗi na ji.

Ƙarfe huɗu muka gama tanki na bakwai. Na ɗaga kai. Kwalabe biyar fayau, tawa cike. Maƙalin na nan a tiyo inda na bar shi.

Yaya, kifi dubu biyu da ɗari biyar na soka wa allura babu komai a cikinta. Sun bi bututu sun gauraye da sauran, dubu goma sha biyar a tanki guda, kowanne da ɗan tabon allurarsa, ba mai iya bambance su.

Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma da suka fita wanke takalma, sai na sauke kwalbar, na tuttule ta a magudana, na sake mata ruwa har farin ya ɓace. Inna Borghild ta ƙirga kwalabe shida babu komai, ta rufe ƙofa.

Ba ki tambaye ni na wa ne tanki na bakwai ba. Na biyar da na shida da na bakwai duk na Baba Edvin ne, surukina. A watan Mayu za a kai su kejunansu na cikin teku a Skarvholm, inda shi da mijina Jarle suke gyaran raga tun sabuwar shekara. Kin tuna bazarar da ciwon maruru ya shiga musu kifi, shekara biyu da suka wuce? Lokacin Jarle na nemana. Yakan zo hira hannuwansa na warin farar ƙasa, don kullum sai sun tona rami sun binne kifi. Tun daga nan Baba Edvin bai cika magana ba. Bana ne suka ce za su sake gwadawa, saboda wannan sabuwar allurar. In ta ƙi, Jarle zai bi jiragen kamun kifi na arewa, wata takwas a shekara.

Ke ce mai ilimin allura. Ɗaya cikin shida, yana da yawa? Ki ce mini ba shi da yawa.

Ki huta lafiya. Ki ƙona takardar nan.

Ƙanwarki,
Solfrid


Trondheim, 14 ga Maris

Solfrid,

Na gaishe ki. Lafiyata ƙalau, ban da ciwon kan da kika aiko mini a ambulan.

Yana da yawa.

Ni ba likitan kifi ba ce, amma ƙwayar cuta ɗaya take tunani ko a ruwa ko a ɗakin yara. Rigakafi ba katangar ƙarfe ba ce. Wanda aka yi wa yana iya ture ƙwaya kaɗan. Ki sa shi kwana da wuni cikin dubu biyu masu ruɓewa suna zubar da ita a ruwan da yake shaƙa, ki ga ko zai tsaya. Idan ruwa ya yi ɗumi a Yuli, naki ne za su fara, sauran su bi.

Manta maƙali kuskure ne. Ni ma na taɓa yin wanda ya fi shi, na je na faɗa, aka wanke ni tas, ga ni ina aiki. Tuttule kwalba ba kuskure ba ne, kin sani. Kowace safiya kika shiga wurin nan kika yi shiru, kin sake tuttule ta ne.

Tun kina 'yar shekara tara, in kika fasa kofi sai ki tura shi ƙarƙashin kujera ki ɗauki littafi, ni a doke ni. Wannan ba ya shiga ƙarƙashin kujera.

Ki je wurin Borghild gobe. Ko ki gaya wa mijinki. Ban ƙona takardar ba.

Ki ci abinci. Na san ba kya ci.

Yayarki,
Oddrun


Skarvholm, 28 ga Maris

Sol tawa,

Ina gaishe ki da kyau. Ki gaida Mama. Ni ba gwanin rubutu ba ne, kin sani, amma in na kira ki ta rediyo duk masuntan gaɓar nan za su sa kunne, gobe in shiga kanti a riƙa kwaikwayon muryata.

Mun gama raga biyu, saura ɗaya. Iska ta hana mu aiki kwana huɗu. Dankali ya ƙare, sai busasshen kifi da kofi. Safar ulun da kika saƙa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, amma tana da ɗumi.

Ran Talata Baba ya yi fito. Da kunnena na ji. Yana ɗaure igiya yana fito. Na yi kamar ban ji ba don kada ya daina.

Jiya ya ce mini, wai da gaske allurar nan tana aiki? Na ce Baba, matata ce ke yi da hannunta, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce to shi ke nan.

Na sami ragowar jan fenti, na rubuta sunanki a katakon keji na uku, wanda kifin tanki na bakwai za su shiga. Mai jirgin wasiƙa ya gani ya ce ko jirgin ruwa ne. Na ce ya fi.

Ramin nan na bayan bukka da muka binne kifi, ciyawa ta rufe shi. Ina bi ta can gefe duk da haka.

Zan zo bikin ƙasa na sha bakwai ga Mayu in iska ta bari. Ki ajiye mini waina. Ki kula da yatsunki, an ce allurar in ta soki mutum sai asibiti.

Naki,
Jarle


Hitra, 21 ga Afrilu

Yaya Oddrun,

Bayan gaisuwa, na sami takardunki duka biyu, har da ta biyun mai layi ɗaya. A'a, ban faɗa ba tukuna. Kada ki ajiye, ki karanta har ƙarshe.

Na je wurin Inna Borghild. Rantsuwa na je. Na tarar da ita tana wasa wuƙa, na ce, "Inna, ina da magana." Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Wata nawa?" Turid ta fashe da dariya, ta ce, "Shi ya sa take ramewa! Jarle ana can ana gyaran raga, ashe an bar ƙugiya a gida!" Suka zaunar da ni, aka zuba mini kofi, aka ba ni burodi da cuku har biyu. Na ce musu ba haka ba ne. Ba wadda ta yarda. Ta yaya zan buɗe baki bayan wannan?

Na rubuta wa Jarle sau uku. Duka ukun suna cikin littafin nan, a shafin da na tsaya. Ban ƙara karanta ko layi ɗaya ba tun ranar. A littattafai, in yarinya tana da sirri, wani abu yakan zo ya ɗauke mata shi: hadari ya taso, ko tsohuwa ta yi wasiyya, ko ya zama mijin ya daɗe da sani yana murmushi kawai. Wallahi har addu'a na yi wutar lantarki ta ɗauke, famfon tanki na bakwai ya tsaya, su mutu a nan ba laifin kowa. Ki ga irin matar da na zama.

Ga abin da na yi. Kowace safiya akan tsame 'yan kifin da suka mutu a zuba a bokiti. Ba mai son aikin, sai na ce ni zan riƙa yi. Wanda aka yi wa allura, in kika tsaga cikinsa za ki ga ɗan farin maiƙo ya manne a hanji, kamar kitsen miya in ta huce. Ina tsaga na tanki na bakwai a bayan rumbu. Zuwa yau goma sha uku. Goma da fari. Uku wanke tas, jajir, kyawawa.

Ina ta cewa ko ƙirgata ce ba daidai ba, ko maƙalin bai matse sosai ba. Yaya, ya matse.

Da rana nakan tsaya bakin tankin. Sun fara yin azurfa, sun juya suna bin ruwa, alamar suna son teku. Ina duba su ɗaya ɗaya ko zan gane nawa. Wani lokaci sai in ga kamar su ne suka gane ni.

Jirgin ɗaukar kifi zai zo ran ashirin da bakwai ga Mayu. Jarle zai zo ran sha bakwai. Zan kai shi bakin dutsen da ya fara riƙe hannuna, in gaya masa ido da ido. Akwai kwana goma a tsakani. Ya isa a yi shawara. Kin ga ai ina da tsari.

Ya rubuta sunana a kejin, Yaya. Da jan fenti.

Ki yi mini addu'a, ki rage faɗa.

Taki,
Solfrid


Trondheim, 25 ga Afrilu

Solfrid,

Na gaishe ki. Kifi ba su san kina da tsari ba, iska ma haka.

Ba zan faɗa a madadinki ba, don in na yi, ba za ki ƙara iya duban mijinki ba. Amma kada ki sake rubuto mini sai kin faɗa.

Oddrun


Hitra, 20 ga Mayu

Yaya Oddrun,

Ina gaishe ki. Kin ce kada in rubuto sai na faɗa. To ga ni.

Jarle bai zo biki ba. Iskar yamma ta tashi tun ran sha biyar. Na sa kayan gargajiyata, na tsaya bakin titi da 'yar tutata ina kallon 'yan makaranta na wucewa da ganguna, wainarsa na bushewa a faranti. Na ce ba komai, saura kwana goma.

Jiya Laraba na isa aiki ƙarfe bakwai, sai na ga jirgi a tasha. An ɗauke masa wani aiki a kudu, ya zo da wuri. Har an ja babban bututu daga tankuna zuwa cikinsa. Na biyar ya shige, na shida na tafiya. Duk rami ɗaya ake zuba su a cikin jirgin, Yaya. In na bakwai ya shiga, ba keji ɗaya na ɓata ba, duka uku ne.

Ban san lokacin da na isa gaban Inna Borghild ba. Wannan karon ban ce ina da magana ba. Na ce, "Kwalbata ta ran huɗu ga Maris ba ta shiga kifi ba. Na manta maƙali. Na zubar da ita a magudana."

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da na ji sauƙi. Ta cire safar hannunta yatsa ɗaya ɗaya, ta ce, "Wata biyu da rabi. Ni kuwa ina ba ki burodina da cukuna." Sannan ta kama ni a dantse ta ja ni har tasha.

Manaja ya tafi Bergen. Kaftin ɗin jirgin, wani ƙato mai jan gemu, ya saurare ta yana tauna taba, ya ce, "Baiwar Allah, takarda ta ce tanki uku. Ni ba na sauke kaya don mata sun yi mafarki. Mai kifi ne kaɗai zai ce a bari, kuma ruwa na janyewa, rabin awa gare ni."

Inna Borghild ta ce, "To kira mai kifi."

Ya ce, "Ga rediyo can. Wadda ta yi ta kira."

Kin san rediyon nan. Kowane kwale-kwale daga nan har tsibirin Froya yana kunne, kowane kicin da ke da miji a teku. Da na hau ɗakin tuƙi wasu masunta biyu ma na kan rediyon suna gardama a kan wanda ya yanke wa wani igiyar koma. Kaftin ya ce su yi shiru, ya kira Skarvholm sau uku, ya miƙo mini abin magana. Yana da nauyi, yana warin taba.

Jarle ne ya ɗauka. Na ce, "Jarle, ni ce."

Ya ce, "Sol? Ke ce a jirgin? Kai jama'a, duk mai sauraro ya gyara zama, matata ce, mai allura!" Wani can nesa ya yi fito, wani ya ce, "A gaida amarya!"

Na rufe ido na faɗa. Ba yadda na rubuta a takardun nan uku ba, babu kalma mai daɗi ko ɗaya. Na ce ɗaya cikin shida na tanki na bakwai ba su da rigakafi. Na ce ni ce. Na ce na sani tun Maris, na zubar da maganin, na ɓoye. Na ce kada a bari su shiga jirgi. Na saki maɓallin.

Ban taɓa jin rediyon nan ya yi shiru ba sai jiya. Ba tari, ba fito, sai shuuu. Ta taga ina ganin Turid tsaye bakin tanki na bakwai, hannunta a kan famfo, tana kallon sama wurina.

Da murya ta dawo, ba ta Jarle ba ce. Baba Edvin ne.

"Kaftin. A bar na bakwai. Ka taso da biyu."

Shi ke nan. Na jira ko Jarle zai ƙara wani abu. Kaftin ya karɓe abin daga hannuna a hankali, ya ce, "Sauka, 'yata, zan tayar da inji."

Yau likitan dabbobi ya zo ya tsaga sittin. Goma sha ɗaya babu fari. Ya ce sai a sake yi wa tankin duka, kuma waɗanda suka sha sau biyu wasu za su tsumbure, wasu su mutu. Ba za su ga teku ba sai kaka, in sun gani. Keji na uku zai ƙare bazara babu komai. An cire ni daga tebur, an ba ni tsintsiya da tiyon wanke tanki. Ya yi daidai. Surukata ta ajiye mini abinci ta shige ɗaki. A kanti, da na shiga, hira ta tsaya.

Da zan tashi, Inna Borghild ta wuce ni ba ta dube ni ba, ta ce, "Gobe ƙarfe bakwai. Kada ki makara."

Na aika wa Jarle takardun nan uku yadda suke, a jirgin wasiƙa na yau. Ban san ko zai buɗe ba. Ban san ko keji biyu za su ishe su ba, ko kuwa na tura shi arewa da hannuna. In ya ce in tattara, akwai wuri a ɗakinki?

Jiya na ci abinci har na ƙara. Ban gane dalili ba.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Solfrid


Skarvholm, 11 ga Yuli

Sol,

Ina gaishe ki. Na daɗe ban rubuto ba. Na fara sau da yawa.

Na karanta takardun nan uku. Ta rediyon ta fi su.

Ruwa ya yi ɗumi. Maruru ya shiga wa maƙwabtanmu na tsallaken mashigi, muna ganin kwale-kwalensu kowace safiya yana kai kaya tudu. Namu biyun suna cin abinci. Jiya uku kawai na tsame, na tsaga, ba komai sai fari. Ba mu san gobe ba. Kullum da safe sai na leƙa su.

Har yanzu raina a ɓace yake, ba zan yi miki ƙarya ba. Ba don maƙalin ba.

Baba ya ce keji babu kifi ba ya buƙatar suna, mutane na wucewa suna nunawa. Ya ba ni gwangwanin fenti in shafe shi. Na je na tsuguna, na ga gishiri ya fara cinye harafin farko. Na sake bin sa da ja. Baba ya gani, ya bar shi.

Jirgin wasiƙa na tasowa Alhamis ƙarfe tara. Ki taho da takalman roba da dankali.

Jarle